Maganin Dajin Kaluluwa da Haƙƙin Yaran Sifawa

A zamanin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, yake zaune a Sifawa kafin ƙaurarsa zuwa Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuma yana Boɗinga, malaman wannan jama'a ba su raba ilmin ɗibbu da hidimar addini ba, har ma ɗan Shehun, Muhammadu Bello, duk da nauyin mulkin da ke kansa, ya wallafa risaloli a kan cututtuka da magungunansu. Don haka neman magani mai inganci ga mutanen ƙasar nan farillar kifaya ce, wadda in kowa ya yi sakaci da ita, alhakin yana kan kowa.

Cutar da nake nufi ita ce limfoma, wato dajin kaluluwa, musamman nau'in da likita Denis Burkitt ya siffanta a Yuganda a 1958, wanda ya fi kama yara a wuraren da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, ya kumbura muƙamuƙi ko ciki, ƙwayoyinsa kuwa suna iya ninkuwa cikin kwana ɗaya ko biyu. Iyaye sukan zaci hangum ne ko ciwon haƙori, a shafa wannan, a jiƙa wancan, a kai ga wanzami, alhali kowane mako da ya wuce yana cin rabon yaron na warkewa.

Tsofaffin magungunan daji sun yi kama da wutar da aka cinna wa gona don kashe ciyawa, ta haɗa da gero. Amma tun da Köhler da Milstein suka gano hanyar sarrafa makaman garkuwar jiki iri guda a Ingila a 1975, aka kai ga rituximab, wanda Amurka ta halatta a 1997. Shi yakan nemi wata alama da ake kira CD20 a jikin wani jinsin fararen ƙwayoyin jini, ya manne mata, garkuwar majinyacin ta zo ta hallaka ƙwayar. A wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 2020, yaran da aka haɗa musu shi da tsofaffin magunguna, kimanin 94 cikin ɗari sun cika shekara uku lafiya, waɗanda ba a haɗa musu ba kuwa 82.

Abin da ke ci mini rai shi ne, ƙwayoyin da masana na duniya suke gwada irin wannan magani a kansu, waɗanda ake kira Raji, daga jikin wani yaro ɗan Nijeriya aka ɗebo su a Ibadan a 1963. Mun ba da namu hannun tun farko, yanzu kuma maganin ya fi ƙarfin aljihun manomin garin Shagari, ko da yake Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin magungunan larura tun 2015, Indiya da Koriya kuma suna yin makamantansa masu rahusa.

Rituximab ba laya ba ne, kuma ba ya aiki shi kaɗai. Sai an yanki tsoka an tabbatar da alamar CD20, an auna ciwon hanta, an adana kwalbar cikin sanyi, an kuma tanadi jini da maganin cututtukan da kan biyo baya idan garkuwa ta raunana.

Ina roƙon gwamnatin tarayya ta ba dajin yara gurbi tabbatacce a asusun tallafin masu ciwon daji, wanda aka soma da na nono da bakin mahaifa da mafitsarar maza. Gwamnatin Sakkwato ta haɗa hannu da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a sayi maganin da yawa, farashinsa ya sauko. Ku kuma limamai da iyayen ƙasa na Sifawa da Boɗinga da Shagari, ku faɗa a huɗuba da majalisa cewa duk yaron da muƙamuƙinsa ko cikinsa ke kumbura kullum yana ƙaruwa, a kai shi asibiti a makon, kada a jira kaka.