Wai Namu Karen Ba Shi Da Asali?

Na san wasu za su ce duk halin da Anka da Gummi da Bukkuyum ke ciki, sai zancen kare na ga damar kawowa wannan makon. Ku daure ku kai ƙarshe, sannan a yi mini raddi.

A babbar Sallar da ta wuce ɗan ƙanena da ke aiki a Abuja ya zo gida da wani ɗan kare fari, gashi ya rufe masa ido, girmansa bai wuce na ƙaton muzuru ba. A kujerar gaba ya zauna tun daga can. Kuɗin da aka saye shi sun isa ragon layya mai kyau. Ban tanka ba, aljihunsa ne. Amma da karen maƙwabcinmu mafarauci ya leƙo ƙofar gida, sai yaron ya duƙa ya ɗauki dutse, wai nasa “Lhasa” ne mai asali, kada na ƙauye ya goga masa ƙazanta. Wannan kalma ta asali ita ta tsaya mini a rai.

To mu bi asalin. Lhasa sunan babban birnin yankin Tibet ne, can kan duwatsun Asiya, gari mai tsananin sanyi da ke sama da mita 3,600 daga doron teku. Gashin nan da ake taje wa da man kanti rigar sanyi ce. Aikin karen a gidajen ibadar mabiya addinin Buda da gidajen manya shi ne ya kwana a ciki, ya ji motsin baƙo, ya yi haushi. Gadi ke nan, aikin da karen maƙwabcinmu ke yi ba albashi. Sai a 1933 shugaban addininsu, Dalai Lama na 13, ya ba wani Ba'amurke mai suna Suydam Cutting kyautar irinsa, daga nan ya yaɗu a Amurka.

Ɗan uwansa na fadar sarakunan Sin, wanda ake kira da sunan birnin Pekin, labarinsa ya fi muni. A watan Oktoban 1860 sojojin Ingila da na Faransa suka wawashe fadar shaƙatawa ta sarkin Sin, daga baya Ingilishi suka cinna mata wuta. Cikin kayan da aka kwasa har da ƙananan karnuka, aka kai wa Sarauniya Biktoriya ɗaya, ta raɗa mata suna Looty, wato ganima. Ko kunya babu. Shekara 43 bayan haka sojojin daular nan suka shiga Sakkwato. Shi kuwa wanda masu tallar karnuka a intanet ke kira “Eskimo”, ba abin da ya haɗa shi da mutanen ƙanƙara. Karen Jamus ne, aka sauya masa suna a Amurka saboda ƙyamar Jamusawa da yaƙin duniya na farko ya haifar.

Ita kanta takardar asalin yaushe aka fara ta? Ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Ingila, uwar wannan rajista, an kafa ta ne a 1873. Kafin wannan shekara mafarautan Zamfara ba su san uwa da uban karnukansu ba? Tambayi duk wani tsohon mafarauci, zai gaya maka wace karya ta haifi karensa, daga wane gari aka karɓo ubansa, wane ne mai hanci, wane ne mai gudu. Bambancin kawai, su sun rubuta, mu mun bar shi a baka.

Ga abin da ya fi ba ni takaici. Arewa da Tawa, a ƙasar Azawak da ta ratsa Nijar da Mali, Buzaye da maƙwabtansu suna da wani siririn kare mai dogayen ƙafafu, mai gadin zango da kamun barewa. Turawa suka fara ɗaukarsa zuwa Turai a shekarun 1970, suka rubuta siffofinsa, har ƙungiyar karnuka ta duniya ta damƙa wa Faransa kula da ƙa'idar irinsa. A 2019 ƙungiyar Amurka ta ba shi cikakkiyar rajista. Ban ce karen Bukkuyum shi ne na Azawak ba, amma duk wanda ya ga hotonsa zai tuna wani kare da ya taɓa jifa. Da ya haye jirgi sai ya zama mai asali.

Wani zai ce ai addini ya hana ajiye kare, duk su biyun a watsar. A'a, malam, koma ka buɗe littafi. Hadisin da ya yi maganar raguwar ladan mai ajiye kare ya togace na farauta da na kiwo da na gona. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne. Masu sharhin Risala ma sun kawo cewa marubucinta, Ibn Abi Zaid, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron maƙiya, da aka yi masa magana ya nuna cewa da Imamu Malik ya riski zamaninsu, zaki ma zai ajiye. Idan akwai karen da zai sha wuyar samun hujja a wajen malamai, na kan kujera ne. Wanda ya taɓa kwana a ƙauyen da ake kasa kunne ana jiran ƙarar babura cikin dare ya san darajar haushin da ke ba shi 'yan mintuna ya tashi iyalinsa.

Ina laifinmu mu na gida? Ba ni da bakin zagin ɗan ƙanena in ƙyale mu. Muna cin moriyar kare, ba ma ba shi haƙƙinsa. Ya yi gadi, ya yi farauta, abincinsa bola, ladansa jifa daga yara, manya na kallo suna dariya. Babu mai kai shi allura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana, sai dai a yi haƙuri. Alhali in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan gari riga-kafi, cutar na yankewa. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke Filato, wadda ke nan tun 1924, tana haɗa wannan allura. Wanda kare ya ciza kuwa, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a wuce asibiti ranar. Ƙona gashin karen a shafa a ciwon ba ya maganin komai.

Me zai hana sashen dabbobi na ƙananan hukumomin nan uku su haɗa kai da sarakunan mafarauta, a ware rana a Anka da Daki Takwas da Nasarawar Burkullu, kowa ya jawo karensa? Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da wannan cuta a duniya, ga lokaci a shirye.

Kafin yaron ya koma ya nuna mini katin ɗan karensa, ga hoto, ga ranar haihuwa, ga hatimin likita na kowace allura. Na ce masa ya ajiye dutsen, in zai dawo ya zo da kuɗin allurar karnukan maƙwabcinmu guda huɗu, tunda su ne ke gadin gidan da mahaifiyarsa ke kwana.