Kafin ki yarda a sare bishiyar tsakar gida

 

Tun da bazara ta kama, saƙonnin da kuke ajiye mini a ƙarƙashin wannan fili kusan duk a kan abu ɗaya suke: ƙurajen zafi, yaro ba ya barci, jariri na ta kuka da dare. Wata 'yar'uwa kuma ta ce maigida na son a sare darbejiyar gidansu a malale ko'ina da siminti, a huta da shara da taɓon damina. Tana tambaya ko wannan ya shafi lafiya. Ya shafa ƙwarai, amma sai mun fara duba abin da rana ke yi in ta sauka a ƙasa.

Da tsakar rana, in sama ta yi garau, kowane fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya yana karɓar ƙarfin da ya kai wat 1000. Kamar ƙaramin dutsen guga na lantarki ke nan a kunne. Tsakar gida mai mita 5 da mita 6, dutsen guga 30 ke nan. Wannan ƙarfi ba ya ɓacewa haka kawai. Abin da ya sauka a kai ko dai ya mayar da shi sama, ko ya kashe shi wajen busar da ruwa, ko kuma ya shanye shi ya yi zafi.

Wajen mayarwa babu kamar dusar ƙanƙara, wadda yawancinmu a waya kawai muke ganinta. Sabuwar dusa fara tas tana mayar da kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta. Ɗan abin da ta riƙe kuma a narkewa yake ƙarewa, kuma muddin ba ta gama narkewa ba, zafinta ba ya wuce digiri sifili. Shi ya sa a Kanada ko Rasha za ki ga rana ta fito tarwai, amma mutane na cikin manyan riguna. Sai dai hasken da ta mayar ido yake samu. Har da wanda ido ba ya gani, mai suna UV, wanda ke ƙona fatar ƙwayar ido. Ciwo ɗaya ne da na masu walda: sai bayan awanni ido ya yi ja, hawaye na zuba, mutum na ji kamar an watsa masa yashi. Masu karanta mu daga ƙasashen sanyi, in za a fita da yara wasa a dusa ranar da rana ta fito, a sa musu baƙin tabarau mai tare UV.

Wani lokaci iska kan ɗauki ƙurar Sahara, 'yar'uwar wadda ke lulluɓe mu da hunturu, ta tsallake teku ta zuba ta kan tsaunukan Alps na Turai. Dusar sai ta yi jaja-jaja, ta rage mayar da haske, ta narke da wuri. Ku riƙe wannan, zai yi mana amfani in mun zo kan rufin ɗaki.

Ita bishiya dabararta daban ce, kuma a nan ne mutane da yawa ke mamaki. Ganye bai iya mayar da haske ba. Daji mai duhu kashi 10 zuwa 20 kawai yake mayarwa, alhali rairayin hamada yana mayar da 30 zuwa 40. Wato ganye ya fi yashi shan rana. To me ya sa ba ya ƙona hannu? Don zufa yake yi. Saiwa na jawo ruwa daga ƙasa, ruwan ya hau har ganye, ya fita ta wasu ƙananan ƙofofi ya bi iska. Abin da bishiya ke amfani da shi na rana wajen haɗa abincinta kaɗan ne ƙwarai, babban kaso a wannan busar da ruwan yake tafiya.

Kuma busar da ruwa na cin zafi ba kaɗan ba. Kin san tukunya ba ta daɗewa ta tafasa, amma kafin ruwan ya ƙone ƙurmus sai an jima. Zafin da lita ɗaya ke ci kafin ta zama tururi ya ninka wanda ke kai ta ga tafasa wajen sau bakwai. Sirrin randa ke nan: ruwa na tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, yana tafiya da zafin na ciki. Da wannan hikimar Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don adana kayan miya a ƙauyukan Jigawa, har ya samu kyautar Rolex a 2000. Bishiyar gidanki babbar randa ce da ba ki ɗebo mata ruwa. Busasshiyar ciyawa kuwa ba ta wannan aiki, sai mai ɗanyen ganye.

Siminti ba ya mayar da haske kamar dusa, ba ya zufa kamar ganye. Kwalta ta fi shi muni, don kusan duk abin da ya sauka a kanta shanyewa take yi, har takan wuce digiri 60 da rana tsaka. Wannan ya isa ya tayar da bororo a tafin ƙafar yaro, kuma muna ganinsu a asibiti, musamman masu koyon tafiya, waɗanda in ƙafa ta ƙone sai su tsaya cak suna kuka maimakon su gudu.

Akwai kuma abin da nake so kowace uwa ta sani. Rana ba ta cika ɗumama iska kai tsaye ba, ƙasa take ɗumamawa, ƙasa kuma ta ɗumama iskar da ke kanta. Digirin da wayarki ke nuna miki na iskar inuwa ne, a tsayin da ya kai mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Yaro mai rarrafe a kan siminti a cikin wani zafin yake, wanda ya fi naki. Da dare kuma simintin da bangon bulo su riƙa amayo abin da suka sha tun safe. Dalilin da ya sa har bayan isha'i ɗaki ke kamar tanda ke nan.

Don haka ra'ayina, 'yar'uwa, kada a sare. Na san shara da gajiya, na san saiwa kan fasa daɓe. A rage rassan da suka hau rufi, a yi daɓen hanya daga ƙofa zuwa ɗaki da madafa, a bar wa gindin bishiyar ƙasa mai faɗi yadda ruwan sama zai shiga. Ki lallaɓa maigida da lissafin dutsen guga 30 ɗin nan, maza na jin maganar lissafi.

Wadda ke gidan haya ko gidan da babu bishiya, ta ari dabarar dusa. Farin fenti ko farar ƙasa a kan rufi na rage zafin ɗaki, kuma birnin Ahmedabad na Indiya ya sa wannan cikin shirinsa na kare talakawa daga zafi. Amma kamar dusar Alps, in ƙura ta rufe farin, amfaninsa ya ragu, sai an wanke ko an sake shafawa bayan hunturu. Rumfar zana ko ta buhu a inda yara ke wasa ita ma tana hana rana isa simintin tun farko. Yayyafa ruwa da yamma na taimakawa, amma kada a bari ya kwanta, saboda sauro. In a waje za a kwana, a ɗaura gidan sauro.

Kafin ki sauke yaro, ɗora bayan hannunki a ƙasa ki ƙirga biyar. In ba ki iya jurewa ba, shi ma ba zai iya ba. Jaririn da bai kai wata 6 ba nono kawai za a ƙara masa, ba ruwa ba, ke ce za ki sha ruwan da yawa. In kuwa kika ga fitsari ya ragu, baki ya bushe, maɗiga ta faɗa, ko yaro ya yi laushi ba ya karɓar nono, a tafi asibiti nan take, kada a jira rana ta yi sanyi.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu yi maganar ƙurajen zafi da hodar da ake barbaɗa wa jarirai. Waɗanda suka taɓa shafa wa rufinsu fari, ku gaya mana a ƙasa irin fentin da kuka sa da kuma damina nawa ya yi.