Fata Ba Ta Son Rana, Ba Ta Son Laima

Ran nan na kai ziyara wani gida a Ƙofar Ran, cikin Bauchi, na tarar an wanke tumtum biyu da sabulu, an shanya a rana. Da na koma bayan mako guda, duk sun tsattsage. Alhali kuwa maigidan gadonsu ya yi wurin mahaifinsa.

Jama'a, fata ko an jeme ta da bagaruwa, an rina ta da karan dafi, maiƙon da majemi ya shafa mata shi ne ranta. Sabulu da rana da iskar hunturu su ke tsotse shi. Da damina kuwa, laima ke kawo fumfuna.

Saboda haka, tumtum ne ko kujera, a riƙa goge ƙura da tsumma mai laushi. In abu ya zuba, a tsane nan da nan, a bari ya bushe a inuwa. Gabanin hunturu a shafa man kaɗanya kaɗan, amma a fara gwadawa a gefe, don yakan sa launi ya yi duhu.

Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, ta fi ƙarfin wannan wulaƙanci. Allah Ya sa mu kula.