Taya, Wili da Ƙarfen Kariya: Laifin da Ake Ɗora wa Babur a Yammacin Zamfara

A Amurka da ƙasashen Larabawa masu arzikin mai akwai wani abin hawa da ake tsere da shi a cikin rairayi da laka: babur mai ƙafa huɗu, irin su Yamaha Raptor, wanda ake saya don nishaɗi kawai. Ƙwararru a wannan wasa suna da tsarin kashe kuɗi. Kafin a taɓa inji, sai an ɗaura farantin ƙarfe a ƙarƙashinsa don kada dutse ya fasa shi, an kafa ƙarafa a gefe da za su hana ƙafar mahayi faɗawa gaban tayar baya, an sa wili mai damƙe bakin taya ko da iska ta yi ƙasa, sannan an zaɓi tayar da ta dace da ƙasar da za a taka. Ƙarin gudu shi ne na ƙarshe a jeri, domin inji komai ƙarfinsa ba ya kai mutum ƙarshen tsere idan taya ta fashe a tsakiyar hanya.

A Anka da Gummi da Bukkuyum ba a wannan wasa, amma kullum ana yin wannan lissafi, kuma abin da ke kan mizani rai ne. Babur mai ƙafa biyu shi ne motar asibitin mai naƙuda, shi ke kai buhun gero kasuwa, shi ke kai malami makaranta, shi ke kai ma'aikaciyar rigakafi ƙauyen da mota ba ta shiga da damina. Duk da haka, shekara da shekaru hukumomi suna kallon babur mai ƙarfi a wannan yanki kamar shaidar laifi. Wannan kallo kuskure ne. Ya raunana mai gaskiya, bai kuma karɓe komai daga hannun mai bindiga ba.

Abin da hanya ke buƙata

Kwalta a yammacin Zamfara layi ne siriri: ta taso daga Mayanchi, ta ratsa Anka da Daki Takwas, ta nufi Gummi. Da zarar an sauka daga kanta zuwa Bagega, ko Gwashi, ko ƙauyukan da ke bakin Gulbin Zamfara, sai jan ƙasa, da yashi mai haɗiye taya da rani, da taɓo da kwazazzabai da damina. Aikin da injiniyan hanya bai yi ba, taya da wili da shakazoba ne ke yin sa, kuma mai babur ne ke biyan kuɗin.

Tayar da ke zuwa da yawancin babura an zana ta ne don titi: ƙananan zane, roba mai laushin tafiya a kan kwalta. A cikin taɓo zanen yakan cike nan take, taya ta koma sumul kamar sabulu. Taya mai manyan haƙora da tazara a tsakaninsu tana watsar da laka yayin da take juyawa, tana kuma cizon ƙasa. A yashi kuwa mahayi mai gogewa yakan rage iska kaɗan don taya ta baje, amma idan ya wuce gona da iri, dutse ɗaya ya isa ya matse tub a jikin wili ya yanka shi. Wanda ya san nisan mai faci daga tsakiyar dajin Bukkuyum, da kuma abin da tsayuwar rabin sa'a ke nufi a irin wannan wuri, ya san cewa tub mai kauri ba almubazzaranci ba ne.

Haka batun wili yake. Wili mai waya yana ɗan lanƙwasa idan ya bugi rami, kuma bakanike na ƙauye yana iya ɗaure wayoyin ya daidaita shi. Wilin da aka zuba da gorar ruwa ya fi kyau a ido, amma idan ya tsage sai sabo. Ƙarfen da mai walda ke ɗaurawa a gaban inji yana hana babur danne ƙafar mahayi idan an faɗi, farantin ƙasa yana kare tukunyar baƙin mai, shakazoba mai ƙarfi kuma tana sa tayar baya ta ci gaba da taka ƙasa a ƙarƙashin kaya. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da ke ƙara wa babur gudu. Dukkansu kayan isa gida ne.

Dokokin da suka biyo juna

A watan Mayun 2019 rundunar sojin ƙasa ta haramta hawa babur a dazuzzuka da lungunan jihohi bakwai na Arewa, har da Zamfara. A ƙarshen Agusta da farkon Satumbar 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da fetur a jarka, ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare, aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar. A watan Nuwamba na wannan shekara jihar Neja ta hana sayar da wasu nau'o'in babura, ta ambaci sunayensu, ciki har da Bajaj Boxer da Honda Ace, waɗanda su ne dokin talaka a Arewa. A watan Yulin 2022 ministan shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya bayyana cewa Majalisar Tsaro ta Ƙasa tana duba yiwuwar hana babura a ƙasar baki ɗaya.

Sakamakon ya bayyana a ƙasar da ake magana a kanta. A makon farko na Janairun 2022, wata huɗu bayan matakan Satumba, 'yan bindiga a kan ɗimbin babura suka afka wa ƙauyuka a Anka da Bukkuyum na tsawon kwanaki. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe. Mazauna yankin suka ce adadin ya kai wajen 200. Ko da wane adadi aka ɗauka, abu ɗaya ya tabbata: watannin da manomi ya yi yana neman lita ɗaya ta fetur kamar zinariya ba su bar maharan a ƙasa ba. Suna da babura, suna da mai, suna da tayoyi.

Dalilin ba boyayye ba ne. Doka tana kama wanda ke bin titi, ya tsaya a shingen bincike, ya sayi mai a gidan mai. Wanda ke kwana a daji yana da masu kai masa kaya, yana da kuɗin biyan ninkin farashi, kuma ya zama ruwan dare a Zamfara a ji cewa masu garkuwa sun nemi a haɗa musu da sababbin babura a cikin kuɗin fansa. Wato iyalan da aka hana su hawa babur su ne kuma ake tilasta wa sayen babur su miƙa wa wanda ya sace ɗansu. Dokar da ta kai ga wannan ta cancanci a sake duba ta tun daga tushe.

Hujjar masu goyon bayan hani

Masu kare waɗannan matakai suna da abin faɗa, kuma ya kamata a saurare su. Babur shi ne ƙafar ɗan bindiga. Ba don shi ba, da ba zai iya kai hari a wata ƙaramar hukuma da asuba ya kwana a wata ba. Sukan kawo misalin Maiduguri, inda aka hana babura a 2011, da Kano, inda aka hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero.

Sai dai Kano da Maiduguri birane ne masu titi. Da aka kori acaɓa daga Kano, Adaidaita Sahu ta maye gurbinsa, jama'a suka ci gaba da zuwa Kwari da Sabon Gari. Keke mai ƙafa uku ba ya ratsa yashin hanyar Bagega, ba ya tsallake kwazazzabo a watan Agusta. A ƙauye idan an cire babur, abin da ya rage jaki ne da ƙafa. Jamhuriyar Nijar ta gwada irin wannan hani a Diffa daga 2015, da sassan Tillaberi daga 2020, kuma hare-hare ba su ƙare a ko ɗaya ba, alhali matasan da ke cin abinci da kabu-kabu sun rasa sana'a. Su kansu sojojin Najeriya sun fahimci inda gaskiya take, domin a 2016 sun kafa bataliyar babura a Borno. Abin da soja ke buƙata don ya bi ɗan bindiga, shi ɗan ƙauye ke buƙata don ya tsere masa.

Inda ya kamata ido ya koma

Yayin da hukuma ke fama da siffar babur, kasuwar kayan gyara tana cin karenta babu babbaka. Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina ƙera taya a Legas a 2008, tun daga nan ƙasar ta dogara da tayar waje. Tsohuwar taya tana cikin jerin kayan da Kwastan ta haramta shigowa da su, amma ana samun ta. A gefen taya akan buga lamba huɗu da ke nuna makon da aka yi ta da shekarar: 2319, alal misali, na nufin mako na 23 a 2019. Roba tana bushewa ko da ba a taɓa hawa ta ba, zafin rana kuma yana gaggauta hakan, shi ya sa hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta daɗe tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu. Mai saye a kasuwar Gummi da wuya a taɓa nuna masa wannan lamba. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, ɗan kabu-kabu ya ƙara karkata ga mafi araha: tub mai siririn jiki, takalmin birki na jabu, sarƙar da ke miƙewa cikin 'yan makonni. Hukumar SON, wadda aka kafa don tantance ingancin kaya, a nan aikinta yake.

Mahaya ma suna da nasu kason laifi. Matashin da zai cire madubi don gayu, ya huda salansa don ƙara, ya cika babur da fitilu masu launi, sannan ya bar tayar gaba ta goge, ya juya tsarin kansa a ƙasa. Mafi muni shi ne hular kwano. Tun ranar 1 ga Janairun 2009 aka fara tilasta sa ta a Najeriya, wasu suka mayar da abin wasa har da ɗaura ƙwarya a ka, daga baya dokar ta yi barci. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da su sun nuna cewa hula mai inganci tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 70. Wanda kansa ya bugu a Bukkuyum, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa yana can Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, tafiyar sa'o'i a kan hanyar da ba kullum take da aminci ba. A nan ma yanayin tsaro ya sa mai rufe fuska a kan babur abin zargi ne, don haka hula mai buɗaɗɗiyar fuska ita ce ta dace, kuma aikin hukuma ne ta faɗi haka a fili.

Abin da za a iya yi

Babur yana da lambar jiki da lambar inji. Dillalan da ke sauke shi da yawa a Gusau da Sakkwato da Kano ba su da yawan da zai gagari ƙirga. Rajistar da ke bin kowane sabon babur daga dillali zuwa mai saye za ta nuna wanda ke sayen goma a lokaci guda, haka kuma wanda ke kwasar tayoyi da yawa ba tare da shago ba. Wannan aiki ne na takarda da bincike, ya fi shelar hani wahala, ba ya kuma kawo kanun labarai, amma yana nufar wanda ake nema.

A gefe guda, ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu da masarautun Anka da Gummi da Bukkuyum sun san mutanensu. Da su za a iya ba mahayi katin shaida da lamba a jikin riga, yadda jami'in shinge zai daina yanke hukunci da siffar taya. Gwamnatin Dauda Lawal, wadda ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Janairun 2024, tana iya sayo taya da tub da hular kwano masu inganci a sari ta sayar wa masu rajista a kan farashi mai sauƙi, ta fara da masu ɗaukar marasa lafiya. Ɓangaren lafiya ya riga ya ga amfanin wannan: lokacin da gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, nisan waɗannan ƙauyuka daga asibiti yana cikin abin da ya sa aka makara.

Maganin dindindin hanya ce da gada. Hatsarin kwale-kwalen da ya ci gomman manoma a Gummi a watan Satumbar 2024, suna kan hanyar zuwa gonakinsu, ya nuna farashin rashinsu. Kafin a gina su, tayar kirki da wili mai ƙwari da ƙarfen kariya su ne titin mutanen yammacin Zamfara, kuma gwamnatin da ba ta shimfiɗa musu kwalta ba, ba ta da hujjar tuhumar su don sun ɗaura wa baburansu abin da zai kai su gida.