Daɓen Kankare Ko Na Katako: Kafin Ka Tambayi Farashi, Tambayi Inda Ruwa Ya Tsaya

Duk wanda ya taɓa zama da birkila yana lissafin harsashin gini ya san yadda hirar ke ƙarewa: wanne ya fi araha? Idan zaɓin tsakanin daɓen kankare ne, wanda magina ke kira Jaman fulo, da daɓen katako da ake ɗorawa kan ginshiƙai, amsar da za a ba ka ita ce kankare. Ni kuwa ina ganin akwai tambayar da ta riga wannan: a wane tsayi za a yi daɓen?

Mu ɗauki gida mai faɗin mita 10 da tsawon mita 10. Daɓe mai kaurin santimita 15 zai ci kankare kubik mita 15, wato siminti buhu 90 zuwa 100 a kwaɓin da aka saba, ban da yashi da tsakuwa da rodi da ledar hana danshi. A farkon 2024 buhu ɗaya ya haura naira 10,000 a garuruwa da dama. Duk da haka, a fili shimfiɗaɗɗe da ruwa ba ya kwanciya, kankare ne ke da sauƙi. Katako mai ƙwari daga Kudu ake kawo mana shi, sai an yi masa maganin gara, a biya kafinta, sannan a riƙa duba shi duk shekara. Kankare kuwa da an zuba an huta, sai fa idan bututun ruwa ya fashe a ƙarƙashi, ranar da dole a fasa tsakiyar ɗaki.

Lissafin yana juyawa ne idan filin kwari ne ko gangare. A ce sai ka ɗaga gidan nan mita ɗaya kafin ka tsira daga ruwa. Cikon kaɗai kubik mita 100 ne, wato sawu 10 na tifa mai ɗaukar kubik mita 10, har da ƙari saboda ƙasa na zama idan an daddake ta. Ga kuma bulo mai ciko da zai riƙe ta. Mai ginshiƙai kuwa tsawonsu kawai zai ƙara. A nan tazarar kuɗin ke raguwa.

Mutanen New Orleans da ke Amurka sun ga wannan da idonsu. Tsofaffin gidajen birnin a kan ginshiƙan bulo suke da daɓen katako, amma bayan Yaƙin Duniya na Biyu sababbin unguwanni suka koma zuba kankare daf da ƙasa, don ya fi sauri da araha. Da guguwar Katrina ta zo a 2005, ruwa ya mamaye kusan kashi 80 cikin 100 na birnin. Da aka zo gyara, ɗaga gida mai ginshiƙai ya fi ɗaga mai daɓen kankare sauƙi da araha nesa ba kusa ba.

Ba ina cewa mutanen Haɗejia ko Lakwaja, ko na Maiduguri da ballewar madatsar Alau ta shafa a Satumban 2024, su koma gidan katako ba ne. Gara ba ta da sabo, kuma ƙwararrun wannan aikin ba su da yawa a wajenmu. Sai dai dabarar ba baƙuwa ba ce: kakanninmu a kan duwatsu suke ɗora rumbu don kada danshi ya taɓa hatsi. Wanda ke tsoron katako yana iya kafa ginshiƙan kankare ya zuba dakin a kansu, ko da yake shi ma da tsadarsa.

Saboda haka kafin ka karɓi lissafi, zagaya unguwar ka dubi tabon ruwa a katangun maƙwabta, ka tambayi dattawa inda ambaliya mafi muni ta tsaya. Sannan ka ce wa birkila da kafinta kowa ya yi maka farashi a wannan tsayin. Daɓen da ya yi araha don kawai an bar shi a ƙasa bashi ne, kuma damina ce za ta zo karɓa.