Ciwon damuwa ba raunin imani ba ne

1/ Ƙawata ta yi wata biyu ba ta samun barcin kirki, har ta daina shiga lacca. Da ta faɗa a gida, sai aka ce: "Me kika rasa? Ki yawaita istigfari."

2/ Haba jama'a! Mai ciwon suga addu'a muke masa, mu kuma kai shi asibiti. Wa ya taɓa ce masa imaninsa ne ya yi rauni?

3/ Masu cewa ganin likitan ƙwaƙwalwa sai 'ya'yan manya, asibitin kuɗi kawai kuke hange. Akwai na gwamnati: Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato. Akwai layi kam, amma kuɗin ya fi sauƙi. Ɗalibi kuwa ya fara da asibitin makaranta, su tura shi.

4/ A 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin ta 1958 mai kiran majinyata mahaukata. Doka ta sauya, mu kuwa har yau zolayarmu "sai an kai ka Dawanau".

5/ Wallahi wannan zolayar ce ta hana ƙawata zuwa, ba kuɗi ba. Ku daina. Wanda ya ce muku ya gaji da rayuwa, ku raka shi asibiti.