Iskar da wasu ke sayarwa, mu muna toshe mata taga



Akwai wani tsibiri da ake kira Sal a ƙasar Kabo Berde, cikin Tekun Atilantika, kimanin kilomita 600 yamma da Dakar. Ruwan sama ba ya yi masa kirki, noma sai dai a ji labari, sunansa ma daga gishirin da ake haƙa a can ya samo shi. Amma duk shekara, daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, jirage na sauke baƙi daga Turai waɗanda ba abin da ya kawo su sai iska.

Wasa ne suke zuwa yi. Mutum zai taka wani ɗan allo a kan ruwa, ya ɗaura ɗamara a ƙugu, daga ɗamarar igiyoyi masu tsawon mita 20 zuwa 25 su miƙe sama zuwa wata ƙatuwar lema. Iska ta cika lemar, lemar ta ja shi yana sulu a kan teku. Wasan ya yi nisan da har ya shiga gasar Olamfik ta Faransa a 2024.

Mu ba wasan ne ya dame mu ba. Irin sanin da suka yi wa iskarsu ne ya tsaya mana a rai. Ba mai cewa "yau akwai iska" ya yi shiru. Sai ya faɗi daga ina take, ƙarfinta nawa, a miƙe take busawa ko tana fizga tana saki. Idan gudunta bai kai wajen kilomita 20 a awa ba, lemar ba ta iya jan mutum yadda ya kamata. Idan ta yi ƙarfi sai a sauya ƙaramar lema. Mai fizga ta fi mai ƙarfi haɗari, domin ita ce ke ɗaga mutum ta maka shi. Iska ɗaya ce ke ratsa tsibirin daga arewa maso gabas, amma hukuncinta ya bambanta daga gaɓa zuwa gaɓa. A gaɓar gabas tana turo mutum zuwa tudu, don haka can ake kai 'yan koyo. A mashigin ruwan garin Santa Mariya, wanda ke kallon kudu, daga tudu take fitowa ta nufi teku, wanda igiyarsa ta tsinke sai dai kwalekwale ya bi shi. A Fonta Fireta, inda igiyar ruwa ke tashi kusa da duwatsu, sai gwanaye. Duk wannan a rubuce yake, wata da wata, gaɓa da gaɓa. Kafin baƙo ya sayi tikiti ya riga ya karanta.

To wannan iska 'yar uwar hunturunmu ce. Daga kusurwa ɗaya suke tasowa, a lokaci ɗaya, har ƙurar hamada da ke rufe mana rana a Batsari takan ketare teku ta yi musu hazo a can. Su sun mayar da ita abinci. Mu kuwa, ku duba labaran da ake rubutawa: "iska mai daɗi tana kaɗawa". Shi ke nan. Ko damina ce ko bazara, ko a Runka ko a Dubai, iskar nan dai mai daɗi ce, kuma aikinta ɗaya, ta kaɗa gyalen budurwa. Idan kalmar ta sake fitowa a littafin, to ko dai aljani ake nufi ko wani ɗan iska.

Kada wani ya ɗauka muna kiran a kai lema madatsar ruwa ta Zobe. Mutumin da bai samu ya je gonarsa lafiya ba, ba sulu ne a gabansa ba. Abin da muke cewa shi ne, sanin da masu lema suka yi wa iskarsu, iyayenmu sun yi wa tasu irinsa, wataƙila ma fiye, sai dai su ba a rubuta musu ba.

Ku tsaya kusa da mace mai shiƙa a masussuka. Kafin ta ɗaga ƙwarya takan ɗebi ɗan ƙaiƙayi ta saki, ta ga inda ya nufa, sannan ta gyara tsayuwa ta ba iskar gefe. Idan ta yi rauni, tsaba da ƙaiƙayi su zubo wuri ɗaya, aikin banza. Idan ta yi ƙarfi, ta kwashe har da geron. Idan mai juyi ce, matar ta sha ƙaiƙayi a ido da wuya. Wannan ai shi ne lissafin mai lema, ba ragi ba ƙari, sai dai ita abin da ke kan faifanta abincin gida ne na shekara.

Ko ku ɗauki hadari. Danshin da ke kawo mana damina daga teku yake tasowa, ta kudu maso yamma, tun ƙarshen bazara ake jin iskar ta juya. Amma hadarin kansa daga gabas yake haɗowa, ya turo ƙura da iska mai sanyi a gaba, sannan ruwa ya biyo. Shi ya sa bangon gabas na gidan ƙasa ya fi zaizayewa, shi ya sa magini ke ƙara masa yaɓe. Duk marubucin da ya sa hadari ya taso wa ƙauyen Wagini daga yamma ba tare da dalili ba, manomin da aka karanta wa zai yi murmushi kawai. Manomin nan ya san iskar farkon damina da ke kwaso rairayi ta binne shuka ko ta ƙone mata ganye, ya san abin da ya sa ba a sare itatuwan gefen gona. Maharbin dajin Rugu ba ya tunkarar nama ta inda iska za ta kai masa warinsa. Hazo daban, jaura daban, guguwa daban, kowace da lokacinta da ɓarnarta.

Ana iya cewa ai ilimin nan yana nan, ba inda za shi. Da can haka ne. Yanzu masu shi sun watse. A Fabrairun 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar, kuma ba su kaɗai ba ne ƙauyukan da aka tayar a Batsari da Safana. Tsohuwar da ta yi shekara hamsin tana shiƙa a fili ɗaya, ta san ta bayan wace tsamiya iska ke fitowa da hantsi, yau tana ɗakin haya a Katsina ko Dutsin-ma. Jikanta da aka haifa a gari daga buhu ya san gero. Sanin iska na wuri ne, ba a ƙulla shi a ɗaurin kaya a yi gudun hijira da shi.

Kuma ba ƙaramin abu ba ne ko a wajen hukuma. A Lambar Rimi an kafa fankokin samar da lantarki guda 37, masu ƙarfin megawat 10, aikin da aka faro maganarsa tun 2005. A Disambar 2012 aka sace injiniyan Faransa Francis Collomp a Rimi, aikin ya yi ta jan ƙafa shekara da shekaru. An auna iskar Katsina an ga ta isa ta juya ƙarfe. Labari nawa kuka karanta da fankokin nan suka fito a ciki?

Abin da muke roƙo kaɗan ne. Kowa ya zaɓi wuri ɗaya da ya sani, bakin kasuwar Batsari ne ko bayan garin Safana, ya riƙe ɗan littafi na wata guda. Da safe, da azahar, da almuru: daga ina take, me ta ɗaga, me ta hana mutane yi. Sannan ya nemi dattijuwa ɗaya daga cikin waɗanda suka baro ƙauye, ya gaishe ta, ya ce, "Inna, a garinku wace iska ce ba a shiƙa da ita?" Kalmar da ta faɗa a rubuta ta yadda ta faɗe ta, ko da ba ta cikin ƙamus, a sa sunan ƙauyen a gefe.